Yadda Na Kai Rema Umra

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa. Na manta sunayen mutanen da na shekara ashirin ina kai wa ruwa gidajensu, wani lokacin ma sai in tsaya tsakar ɗaki ina tambayar kaina abin da ya shigo da ni. Amma akwai rana guda da na tabbata ba za ta bar ni ba har a naɗe ni a likkafani, ranar da ni, magidanci mai gemu da iyali, na saɓa dabbar dutse a kafaɗa na kai ta Tan'im da ƙafa cikin zafin Makka.

A shekarun babban yaƙin Turawa ne. Jiragen ruwa sun yi ƙaranci a Jidda, alhazai sun ragu, garin ya yi tsit kamar an yi rasuwa a kowane gida. Mu Hausawan Makka abin ya taɓa mu ta fuska biyu. Aiki ya yi wuya, sannan mutanen gida da suka saba zuwa mana da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa sun daina isowa. Ni sana'ata ɗaukar ruwa, abin da Larabawa ke kira saƙƙa. Garwa biyu irin ta kananzir, sanda a kafaɗa, in ɗebo daga bazan, wato matattarar ruwan unguwa, in bi gidaje. Gidanmu yana can ƙarshen Utaibiyya, wadda a lokacin ba komai ba ce sai duwatsu da 'yan ɗakunan da muka haɗa da laka da fasassun garewani. Bangon bayan gidanmu ma ba mu muka gina shi ba, dutsen ne da kansa.

Ina zaune da matata, haifaffiyar Makka wadda Hausarta rabi Larabci ce, da kuma mahaifiyata, Inna. Inna 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Kano. Da ƙafa ta zo, ta Chadi da Sudan, ta yi shekaru a hanya, a hanyar ma ta haife ni. Da yake ni ne ɗan farinta ba ta taɓa kama sunana ba, "kai wancan" take ce mini, ko da kuwa ina zaune daf da gwiwarta.

A kusurwar tsakar gida Inna tana da lambu. Lambu nake cewa don kunya, amma faɗinsa bai fi tabarma biyu ba. Kuɓewa ce da yakuwa, irin da ta taso da shi daga gida, take shukawa duk shekara tana ajiye wani. Wanda bai zauna Makkan wancan zamani ba ba zai san darajar ganye kore a garin ba. Ba a zubar da ɗigon ruwa a gidanmu. A gindin kuɓewa muke alwala, ruwan wankin shinkafa na yakuwa ne, har baƙo in ya zo sai Inna ta nuna masa inda zai tsuguna ya wanke hannu. A shekarar nan ta shuka ragowar irin da ke hannunta duka, domin na bara ƙwari sun ci rabinsa. In wannan shuka ta lalace, to shi ke nan, babu alhajin da zai kawo wani.

Wata safiya na dawo daga zagayen farko na tarar da Inna tsaye a kan lambun, hannu a ƙugu.

"Kai wancan, zo ka ga aikin akuyar maƙwabta."

Na duba, an aske yakuwa layi guda kamar da almakashi. Amma ƙofar gida a rufe take, kuma babu sawun akuya. Muna cikin haka matata ta ce, "Shuf, shuf, ku dubi sama!" Muka ɗaga kai. A kan dutsen, daidai saitin lambun, ga wata halitta kwance tana shan hantsi. Girmanta kamar ƙosasshen zomo, amma kunnuwa 'yan mitsi-mitsi, launinta launin dutsen, ba wutsiya ko kaɗan. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bakinta. Allah ya yi shi a lanƙwashe ta yadda kullum kamar tana yi maka murmushin raini.

"Wabar ne," in ji matata.

"Wane irin wabar? Rema ne," in ji Inna. "A garinmu da yanzu yana cikin tukunya ana neman yaji."

Na duƙa na ɗauki dutse. Matata ta riƙe mini hannu ta ce in ji tsoron Allah, a cikin harami muke. Nan na ajiye dutsen. Ko jariri a Makka ya san ba a farautar naman daji a cikin iyakar harami. Tattabarun garin ma sun san haka, shi ya sa suke yi wa mutum kashi a rawani ba sa ko tashi.

Amma Inna ba ta cika ba da kai da wuri ba. Ta ce ai an halatta kashe ɓera ko a ina, wannan kuwa in aka duba shi da idon basira ƙaton ɓera ne da wutsiyarsa ta gutsure. Ta tura ni wurin limamin ƙaramin masallacinmu in ji ta bakinsa, ta kuma ja mini kunne in ce ɓera, kada in ce rema.

Liman wani dattijo ne Basakkwace, siriri, mai ƙaramar murya, wanda ba ka gane yana yi maka ba'a sai ka kai gida. Bayan sallar la'asar na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, wani ɓera ne ya dame mu, yana cinye wa Inna shuka."

"Kusu? To kashe shi mana. Mi ya kawo ka wurina?"

"Ai babba ne ƙwarai."

"Kamar mi?"

Na gwada masa da hannu. Ya dube ni, ya dubi hannun.

"Shina da wutsiya?"

Na ce wallahi ban lura sosai ba, ta yiwu yana zaune ne a kanta.

"Koma ka lura," in ji Liman. "In ka ga wutsiya doguwa, kusu na, ka yi mishi abin da kaka so. In babu, baƙon Allah na, kada ka kashe shi, kada ka kama shi. In ka kashe shi yanka ya hau kanka, ga kuma zunubi. Kayanka an yarda ka tsare. Tsare kayanka ka bar mishi ransa."

Da na kawo wa Inna wannan amsa sai ta yi tsaki ta ce malaman yanzu ba su san miya ba.

Haka na shiga yaƙi da abokin gaban da ba ni da izinin taɓawa. Na fara da ƙaya. Na yi yini guda ina saro ta a bayan gari, na kewaye lambun har tsayin ƙirjina, hannuwana duk suka tsattsage. Washegari da hantsi ina kallo rema ya gangaro ta jikin dutsen, wurin da ko ƙadangare zai yi tunani kafin ya bi, ya dira cikin lambun ta sama. Ashe shingen da na yi ni kaɗai ya hana shiga. Kafin in samu hanyar kutsawa ya ci abin da zai ci ya haye, ni kuma na bar gefen wandona a jikin ƙaya.

Sai na yi mutum-mutumi. Na sa masa tsohuwar rigata da hular da na daina sawa, na kafa shi a tsakiya. Kwana ɗaya ya yi aiki. A kwana na biyu da azahar matata ta kira ni tana dariya har da hawaye, na leƙa na ga reman kwance a inuwar rigar tawa ya miƙe ƙafafu. Inna ta ce ai dole, rigar ma ta san mai ita ba ya tsorata kowa.

Wata maƙwabciya ta ba mu shawarar toka da barkono. Inna ta fito da ɗan barkonon da take tattali, aka daka, na barbaɗe ganyen da kewayensa. Iska ta taso ta watsa mana shi a fuska, mu uku muka yini muna atishawa. Shi kuwa da ya zo bai ko yi tari ba. Ni dai a ganina ranar ma ya fi ci, tun da an sa masa yaji. Kyanwar da na aro daga gidan wani mai gasa burodi ba ta ma cancanci a ba da labarinta ba. Ta gan shi, ta auna girmansa da nata, ta shige ƙarƙashin gado, sai da mai ita ya zo da kansa ya fito da ita.

Abin ya daina zama wasa da na fara barin aiki. Rema da hantsi yake fitowa da kuma bayan la'asar, daidai lokacin da ake neman ruwa a gidaje. Sai in ajiye garewani in zauna gadi ina buga gwangwani da cokali. Muddin ina bugawa yana kan dutse yana kallona, ina tashi in kama ruwa ya sauko. Gidajen da nake kai wa ruwa suka fara kiran wasu. Matata ta fara dafa shinkafa tsura tana ajiye mini ba magana, wanda ya fi zagi ciwo. Inna kuwa kullum da yamma sai ta ƙirga kuɓewarta da yatsa, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Ni dai ban ce a kashe ba. Allah ya ji ƙan mahaifinka dai, shi namiji ne."

Wannan magana ce ta ƙarasa ni. Ina tafe da ruwa ina juya ta a raina, sai wata dabara ta faɗo mini, kuma a lokacin na ɗauka babu malamin da ya taɓa yin tunani mai zurfinta. An hana kashewa a cikin harami. To ai haramin yana da iyaka. Ga Tan'im nan, inda mutane ke fita su ɗaura harami su dawo yin umra, tafiyar da ba ta gagari mai ƙafa ba. In na kai shi can na tsallake alamun iyaka, ai ya zama nama kamar kowane nama. Maganar Liman ta cewa kada a kama kuwa, sai na yi kamar kunnena bai ji wannan ɓangaren ba. Ban gaya wa kowa ba, domin can ƙasan zuciyata na san duk wanda na gaya wa zai ɓata mini fatawar.

Na samo babban kwando, na tokare shi da ɗan itace, na ɗaura igiya, na sa sabon ganyen yakuwa a ƙarƙashi, na laɓe a bayan randa. Kwana biyu yana zagaye tarkon yana cin na gefe. A rana ta uku da hantsi kwaɗayi ya ja shi, na fizgi igiya, kwando ya kife. Wallahi ban yi murnar haihuwar ɗana na fari kamar yadda na yi murnar nan ba, Allah ya yafe mini. Da ƙyar da tsohon bargo na juye shi cikin garwa, na rufe da katako na ɗaure. A ɗaya garwar na sa dutse don sandar ta daidaita. Na soke wuƙa a ƙugu.

Inna tana ɗaki tana jan carbi. Matata ce ta fito ta gan ni.

"Maigida, fen? Ina za ka da garewanin? Randa ba ruwa."

"Yanzu zan dawo."

"Me ke motsi a ciki?"

Na ce mata mace ba ta tambayar namiji sirrin sana'arsa, na fice.

Ban san yawan mutanen da suka san ni ba sai ranar. Kowane lungu sai an ƙwala mini kira, "Ya saƙƙa, moya!" Ruwa suke nema ke nan. In ce na wani ne, in ƙara sauri. Reman kuwa ya shiga ƙartar garwa yana wani irin kuka mai kama da fito. Sai na kama waƙa da ƙarfi don in danne shi, ni da ko a bikina ban yi waƙa ba. Ina karya kwanar masallaci sai ga Liman zaune a inuwa da butarsa. Na gaishe shi ban tsaya ba.

"Tsaya mana, ɗan zuba min kaɗan ga buta."

"Allah gafarta Malam, wannan an riga an saye shi, mai shi yana jira."

Daidai nan garwar ta yi ƙarar ƙarta, ta yi wani tsalle a jikin igiya. Liman ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "To, Allah shi kai ka lafiya." Na wuce ina yaba wa kaina iya ƙarya.

Hanyar Tan'im a wancan lokaci yashi ne da tsakuwa tsakanin duwatsu, ba inuwa. Masu hali suna hayar jaki, ni kuwa ni ne jakin. Rana ta take, takalmina ya tsinke, na ɗaure shi da bakin rawani. Ban taho da ruwa ba, mai sayar da ruwa guda, domin garewanina ɗaya dabba ɗaya dutse. Reman ya yi fitsari a ciki, wani wari mai hawa kai ya biyo ni, har wasu mutane biyu da muka jera suka ja da baya suna toshe hanci.

Wajen azahar na hango ginshiƙan nan farare da ke nuna iyakar harami. Na wuce su, na ƙara 'yan taku don kada a yi gardama, na sauke kaya kusa da wani ɗan dutse. Akwai 'yan mutane a wurin, wasu sun ɗaura harami suna shirin komawa, ga kuma wani Balaraben ƙauye mai hayar jakuna yana zaune a inuwar dabbobinsa. Na zaro wuƙa, na fuskanci alƙibla, na kwance igiya, na ɗaga katakon kaɗan na zura hannu don in kamo wuyansa.

Ban san rema yana da haƙora irin waɗannan ba. Biyu ne a sama, dogaye, ya kafa mini su a babban yatsa har sai da na ji su a ƙashi. Na saki ƙarar da na tabbata an ji ta har unguwar Jarwal, can cikin gari. Katako ya yi gefe, wuƙa ta yi gefe, ya fito ta tsakanin ƙafafuna.

Abin da ya biyo baya shi ne har yau in na faɗa ake cewa na ƙara gishiri, alhali da idona na gani. Ga duwatsu a dama, ga duwatsu a hagu, duk kusa. Bai bi ko ɗaya ba. Ya miƙe sak ya bi ta tsakanin ginshiƙan ya koma cikin harami, ya haye wani dutse da bai fi taku goma daga iyakar ba, ya juyo ya zauna yana kallona da bakin nan nasa.

Na suri dutse na bi shi, jini na zuba. Wani tsoho sanye da harami ya cafke mini hannu yana cewa, "Haram, ya hajj, haram!" Mai jakunan kuwa ya kwanta a ƙasa yana dariya yana dukan yashi. Da ya samu numfashi ya kira ni da sunan da Larabawa ke kiran mutanen ƙasashenmu, ya ce, "Ya Takruni, wannan wabar ɗin ya fi ka karatu." Shi ne ya ba ni ruwa na sha, ya ƙona ɗan tsumma ya danna mini tokar a ciwon, yana yi yana sake fashewa da dariya.

Na ɗauki sandata na juyo gida. Sai da na iso bakin unguwa na lura kafaɗata ɗaya ta karkace, na duba, ashe dutsen da na sa a garwa har yanzu yana ciki. Na kai shi Tan'im na dawo da shi.

Tun daga ƙofa na ji gidan ya yi shiru irin wanda ba na so. Na shiga. Yakuwar babu ita, sai kara tsaye. Kuɓewar an karya an tattake. Inna tana zaune a ƙasa kusa da shingen ƙayata, ta miƙe ƙafafu, hawaye na bin fuskarta. Ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da aka fita da gawar mahaifina.

Matata ce ta ba ni labari, ba ta ko dube ni ba. Da na tafi da garewanin, ruwa ya ƙare ƙaf, dole ta ɗauki tulu ta tafi bazan da kanta, ta tarar da layi. Inna kuma barci ya ɗauke ta. Ashe reman da na yi wata guda ina gaba da shi ba shi kaɗai ba ne, gari guda ne a cikin dutsen. Buga gwangwanin da nake yi ne yake tsare sauran. Ranar da suka ji shiru sai suka sauko da iyalansu. Ta ce da ta dawo ta tarar da bakwai ko takwas a ciki, manya da ƙanana.

Na durƙusa gaban Inna. Can ta yi magana, ba da faɗa ba, wanda da ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Ranar da za mu taso, uwata ta raka ni har bakin rafi. Ba ta da abin ba ni. Ta kwance bakin zanenta ta ba ni irin nan, ta ce in na isa in shuka, in na ci in tuna da ita. Ban sake ganinta ba. Ban ma san shekarar da ta rasu ba."

Shekara talatin ina cin miyar nan ban san wannan ba. Zafin yatsana ya ɓace, wani ya maye gurbinsa.

Sai matata ta ce, "Ba duka suka ci ba. Ka duba can."

A lokacin na lura da abin da ya kamata in gani tun shigowata. Gadona yana cikin lambun. Gado ne na katako mai saƙar igiya, irin na mutanen Sudan, abu mafi daraja da na mallaka. Da ta kore su da tulu a hannu ta ga kuɓewa uku a kusurwa sun tsira, sai ta shiga ɗaki ta jawo gadon ta ɗora shi a kansu, ta toshe gefunan huɗu da fasassun garewani ta danne da duwatsu. Rana tana ratsa saƙar igiyar, iska tana shiga, ruwa ana zubawa ta sama, amma ba ƙofar da rema zai bi. Aikin da bai ɗauke ta lokacin dafa shayi ba.

"A kan me zan kwanta?" Abin da ya fito daga bakina ke nan, don ku san irin mutumin da nake a lokacin.

Inna ta share fuska da gefen mayafi ta ce, "Kai wancan, ƙasa ba ta taɓa ƙin kowa ba. Gadon nan ba zai tashi ba sai kuɓewa ta bushe a jikinta."

Da magariba na je masallaci da yatsa a naɗe. Na so in sulale bayan sallama, Liman ya yafuto ni. Ban jira tambaya ba na zayyana masa komai. Ya saurara har ƙarshe, kafaɗunsa suna rawa.

"Tun da nike ban taɓa jin ruwa na ƙartar garwa ba sai yau," in ji shi. "Na so in tsai da kai, sai na ga in ban bar ka ka tai ba, gobe wata dabara za ka ƙirƙiro. Ya mutu?"

Na ce lafiyarsa ƙalau, ya fi ni lafiya.

"To ka yi istigfari, babu yanka a kanka. Amma ka sani ko da ka yanka shi can, mushe na, ba ka cin shi. Abin da aka kama cikin harami ba ya halatta don an canza mishi wuri." Sannan ya ɗaga murya yadda na sahun baya za su ji. "Kai dai ka samu lada. Mutane na kai iyayensu Tan'im, kai ka kai rema ya ɗauro umra."

Kafin sallar isha maganar ta zaga unguwa. An yi shekara da shekaru in na wuce da garewani sai wani ya tambaye ni ko yau akwai alhaji a ciki.

Bayan 'yan kwanaki na ga wani rema kwance a daidai wurin da na farkon yake kwanciya. Na rantse shi ne, matata ta ce duk kamarsu ɗaya. Suka riƙa saukowa suna zagaye gadon, wani ma ya hau saman saƙar ya yi barci, amma ko ganye ɗaya ba su ƙara samu ba. Da suka gaji suka rage zuwa. Da kuɓewar ta yi tsayi muka ɗaga ƙafafun gadon da duwatsu muka ƙara garewani. Na yi kusan wata biyu ina kwana a tabarma, bayana ya sha wuya. Inna ba ta tsinki ko ɗaya ta yi miya ba, ta bar su duka suka ƙosa suka bushe. Ranar da ta fasa su ta juye irin a tafin hannunta, ta kira matata ta raba biyu ta ba ta rabi. Ni ba a ba ni ko ƙwaya ba. Yakuwar kuwa ta tafi ke nan, wadda muka samu daga baya ta wani gari ce, kuma har Inna ta rasu tana cewa ba ta kai tata tsami ba.

Abin da na koya ban koye shi da daɗi ba. An sa ni tsaron abu, sai haushin ɓarawon ya fi ƙarfin son da nake yi wa abin, na bar shi a buɗe na tafi ramuwa. Na kuma gane cewa duk ranar da na ji kaina ya kawo mini wata hanya mai wayo ta kewaye abin da aka hana, kuma na ji ba na son kowa ya sani kafin in aikata, to ba wayo ba ne, wauta ce ta yi wanka ta sa turare. Tun daga lokacin, in irin wannan tunani ya zo mini, matata nake fara gaya wa. In ta yi dariya, sai in zauna a gida.